Da Kuɗina Na Saya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar wata magana ta kuɓuce daga bakina a gaban ɗana, kuma tun daga lokacin ta hana ni sakat. Na yi ta juyi a kan shimfiɗa har aka yi kiran assalatu. Tun da barci ya ƙi zuwa, bari in amayar da abin a nan, ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da ni na faɗa.

Da safe na yi fiye da awa biyu a layin gidan mai. Wanda ya san zafin Njamena a wannan watan ya san abin da nake nufi. Kwalta na tururi, 'yan kalando, masu haya da babur, sun yi cincirindo suna tura babura da ƙafa, kowa rai a ɓace. Ba wanda ban zaga ba a zuciyata. Na zagi manya, na zagi masu ɓoye mai, na zagi wanda ya shigo ta gefe ya tsallake layi. Har da ni a masu ɗaga murya ana cewa ƙasa mai arzikin mai, ga matatar mai can Jarmaya, amma dubi yadda muke. Da ƙyar na samu aka zuba mini, na fito ina share gumi ina tsaki.

Da yamma na ɗauki yarona muka nufi unguwar Farsha gaida Kawu, ƙanin mahaifiyata, da ke fama da ciwon ƙafa. Da muka isa ƙofar gida sai na bar motar a kunne, kilim, wato na'urar sanyaya mota, na aiki, wai minti biyar kawai zan yi, kada in fito in tarar ta yi zafi. Kun dai san minti biyar ɗin Bahaushe a gidan kawunsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ɗora shayi, aka sha na fari, aka sha na biyu, hira ta yi daɗi. Can sai ga yaron ya leƙo, ya durƙusa kusa da ni, ya ce a hankali, "Abba, ba ka kashe mota ba." Ni kuwa ko kallonsa ban yi ba na ce, "Bar ta. Ai da kuɗina na sayi man."

Innalillahi. Ni ne fa mutumin da ya gama zage-zage a layi da safe.

Kawu bai ce uffan ba. Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafa zuwa ɗakinsa, muna ta cewa ya zauna a ɗauko masa ko mene ne, bai kula mu ba. Ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara da ya yi tsatsa a baki. Ya kira yaron, "Zo nan abokina, buɗe hannunka." Ya zazzage masa abu biyu a tafin hannu. Ɗaya ƙatantanwa ce, fara fat kamar alli, gefenta ya ɓaɓɓalle, in ka murza sai farin gari ya kama maka yatsa. Ɗayan ƙashin bayan kifi ne guda, mai rami gaba da baya kamar ɗan ƙaramin turmi, ya fi babban yatsana kauri, launinsa ya koma ruwan ƙasa. Na karɓa na jinjina, nauyinsa na dutse ne, ba na ƙashi ba.

Kawu ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a hanyar arewa, daga nan zuwa Musoro, a wuce Salal, a kutsa yashin Jurab har Faya. Ya ce wata shekara mota ta lalace musu a tsakiyar wannan yashin, ba gida gaba ba gida baya. Kwana uku suna jiran wata motar ta biyo. A rana ta biyu aka koma raba ruwa da murfin jarka, kowa murfi biyu da safe, biyu da dare. Ya ce a ƙarƙashin motar yana kwance, harshensa ya bushe kamar fata, ya sa hannu cikin yashi don neman sanyi, sai ya ji wani abu ya soke shi. Ya tono, ga ƙatantanwa. Ya ƙara tonawa, ga ƙashin kifi. Ya ɗaga kai ya duba, ashe filin duk su ne, birjik, iya ganinka. Mutum na mutuwa da ƙishirwa a kan kabarin kifi.

Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ɗana, a cikin motar nan akwai wani attajiri da jakar kuɗi a ƙarƙashin kansa, ya fi ka kuɗi nesa ba kusa ba. Murfi biyu ya sha, kamar yaron mota." Ya mai da kayansa cikin gwangwani, ya ce a zuba masa shayi na uku. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na tashi sumui-sumui na je na kashe motar, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ƙashin kifin nan ne ya hana ni barci, jama'a. Mu da muke zaune a wannan ƙasa muna taka aya da ƙafafunmu kullum ba mu gani. Masu binciken ƙasa sun tabbatar cewa shekaru kamar 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani makeken ruwa ne da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Inda Kawu ya kwanta yana lasar leɓe, nan ne ma wajen zurfinsa. Njamenar nan da muke rigimar fili a cikinta, ɗan'uwa ya kai ɗan'uwa kotu a kan taku goma, a ƙarƙashin ruwa take a lokacin. Tsohuwar gaɓar tafkin tana nan har yau, tudun yashi ne dogo da ya ratsa ta Maiduguri da Bama ya gangaro wajen Yagwa a Kamaru. A can Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale a binne, aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Mutane irinmu ne suka sassaƙa shi, suka shiga, suka yi su, suka koma gida da kifi, kuma na tabbata ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana jikokinsa za su haƙa rijiya a wurin kafin su ga ruwa.

Kai, ko ƙurar hunturun nan da ke toshe mana hanci, mata na share ta daga kan kwanuka suna mita, kun san mece ce? Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa, can kusa da Faya, wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Busasshen gindin tsohon tafkin ne. Farin garin nan ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya iya gani, da suka rayu suka mutu suka kwanta a ƙasan ruwa. Iska ke kwasar su ta watsa har Kano da Legas, wani ma ya tsallake teku ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka ya zama taki. Wato duk hunturu muna shaƙar gawar tafki, muna tari, muna cewa mura ce. Kanwar da uwargida ke jefawa a miyar kuka ma abin da ruwa ya bari ne bayan rana ta shanye shi. A duwatsun Enedi ga zanen shanu garke-garke da mutanen wancan zamani suka yi a jikin kogo, a wurin da yau raƙumi ne kawai ke iya jure tafiya. A wani kududdufi tsakanin duwatsun, wanda ake kira Arshe, an daɗe da sanin wasu 'yan kadoji ƙalilan da suka maƙale tun zamanin da koguna ke gudu ta wurin. A Unyanga akwai tafkuna 18 a tsakiyar Sahara inda ruwan sama kusan ba ya sauka, suna shan ruwan da ƙasa ta adana tun wancan zamanin damina. A Jurab ɗin nan dai aka tsinci ƙoƙon kan wata halitta mai kama da mutum da ake kira Tumai a 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Ba gardamar asalin mutum ta kawo ni ba, a bar wa malamai wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a gefensa ƙasusuwan kifi da kada da dangin dorina aka samu.

Kada wani ya ce na ce ɓarnar mutanen da ce ta ƙafar da tafkin. A'a. Masana sun ce sauyi ne a yadda duniya ke karkata tana zagaya rana, shi ya janye damina ta koma kudu sannu a hankali. Sababi ke nan, Mai sababi kuma mun san Shi. Ya shimfiɗa ruwa inda Ya so, Ya naɗe shi lokacin da Ya so, bai nemi shawarar kowa ba. An ce mana mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Mu ba sai mun yi nisa ba ma, an kawo mana har cikin hanci. Kuma ba sai an koma shekara dubbai ba: a farkon shekarun 1960 tafkin nan ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 nasa. Dattawan da suka kama giwan ruwa a inda yanzu ake shuka masara suna nan da ransu, je ka tambaye su.

To sai man da na ce da kuɗina na saya. Subhanallah. Bari in gaya muku abin da na ƙona a ƙofar gidan Kawu don kada kujera ta yi mini zafi. Man Doba da na yankin Bongor, can kudancin ƙasar nan, daga gindin wasu tafkuna ya fito, waɗanda suka girmi wancan tafkin nesa, tun sama da shekara miliyan 100, lokacin da ƙasa ke tsagewa Afirka na rabuwa da Kudancin Amurka. Gansakuka da ƙananan halittu suka rayu a ruwan, suka mutu, suka nutse cikin laka inda iska ba ta kai musu balle su ruɓe. Laka ta hau kan laka, yashi ya hau kan yashi, har suka yi nisan kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. Zafin cikin ƙasa da nauyin da ke kansu suka yi ta dafa su a hankali, wuta ba gaggawa, shekara miliyan bayan miliyan, har suka narke suka zama mai. Sannan aka tanadi wani dutse mai ƙofofi kamar soso ya riƙe shi, aka rufa wani marar ƙofa a sama don kada ya tsere. Duk wannan ana yi babu ni, babu kai, babu kakan kakanmu, babu sefa, babu wanda zai buga ta.

Sai a 2003 aka fara tura shi ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi a bakin tekun Kamaru. A 2011 aka buɗe matatar Jarmaya. Yau shekara nawa ke nan? Yaron da aka haifa ranar da aka buɗe bututun bai daɗe da isa aure ba, amma tuni rijiyoyin Doba suka daina ba da abin da suke bayarwa a shekarun farko. Abin da aka yi shekara miliyan 100 ana girkawa, mu a rayuwar mutum ɗaya muna neman ganin gindin tukunya. Kuma ba gero ba ne da za a ce Allah Ya kai mu baɗi a sake shukawa. In ka ƙona lita ɗaya ta tafi ke nan har abada, abin da za ta bar maka hayaƙi ne, fiye da kilo biyu na iskar da ke ƙara dumama duniya, a kan kowace lita.

To me kuɗina ya saya? Ladan mai haƙa na biya, da na mai tacewa, da na direban tanka, da na yaron da ya riƙe tiyo. Shi man kansa wa na biya? Nawa ne kuɗin shekara miliyan? Tun da aka ƙara farashi a Fabrairun 2024, lita ta tashi daga sefa 518 zuwa 730, muke kuka, kuma kukan na da dalili, talaka ya ji jiki. Amma wallahi ko sefa dubu goma ake sayar da ita ba mu biya kuɗinta ba. Amana ce aka miƙo ta hannun mai gidan mai. Mun sani sarai ƙafar bawa ba za ta gusa ba sai an tambaye shi dukiyarsa, ta ina ya samo, a ina ya kashe. Mu tambayar farko kawai muke tsoro. Da zarar mutum ya tabbatar halak ɗinsa ce, shi ke nan, sai ya ga kamar an ba shi lasisin yin yadda ya ga dama. Tambaya ta biyu fa? Ni me zan ce? Na kashe ta wajen sanyaya motar da ba kowa a ciki?

Kuma kada ku ga na tona kaina ku yi dariya, duk muna ciki. Kai mai janareta, da an ɗauke wuta ka tayar, madalla, ba wanda ya hana ka. Amma har gari ya waye yana ruri, fitilun tsakar gida a kunne, talabijin na magana shi kaɗai a falo, fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa, hayaƙi na shiga tagar maƙwabcinka da jaririnsa ke tari. A ƙasar da mutum ɗaya cikin goma ne, ko ɗan sama da haka, ke da lantarki. In an yi maka magana ka ce man wani ka ɗiba? An umarce mu da kashe wuta in za mu kwanta, mu kuwa sai mu ƙara mata mai mu ja bargo.

Kai matashi mai babur, da kake tsayawa a bakin titi kana murɗa totur ba inda za ka, don kawai 'yan mata su waiwayo, Allah Ya shirye ka. Ku masu rakiyar amarya, mota ashirin a jere ana zagaya gari ana ham, daga unguwar Digel a bi ta kasuwa a sake dawowa, alhali gidan ango na bayan layi. Man da aka ƙona a daren zai kai wata mai naƙuda asibiti sau nawa? Na san za a ce farin ciki ne, sau ɗaya ake yi. To ai ni ma minti biyar na ce.

Kai bakanike, ɗan'uwana, ina ganin wahalarka, rana a kanka take faɗuwa. Amma baƙin man da ka juye daga inji ka tuntsurar a kwata, ina kake zaton zai je? Ƙasa za ta shanye, ya gangara inda famfon unguwa ke jawo ruwa, ko damina ta wanke shi zuwa kogin Shari, inda ake kamo kifin da za ka saya gobe a kasuwa. Tara shi a jarka mana, akwai masu nema.

Hajiya, ke ma ban tsallake ki ba, ki yi haƙuri. Tukunyar gas na ci, ruwa ya tafasa ya ƙone, kina can kina waya. An gama tuwo, gawayi ja wur a murhu, a bar shi ya cinye kansa ya zama toka maimakon a yayyafa masa ruwa a ajiye na gobe. Kin manta shekarar 2009, da aka hana shigo da gawayi Njamena? Ni ban manta ba. Na ga mata masu mutunci suna tsintar ƙwallon goruba da kashin shanu don a dafa wa yara abinci, na ga an farfasa tsohuwar kujera an sa a murhu. A lokacin kowa ya iya tattali, ko tsinken ashana ba a yarwa. Da abu ya samu sai muka koma gidan jiya. Ledar nan ma da muke karɓa a kan tumatir na sefa ɗari mu yar a ƙofar gida, daga man nan ake yin ta. An hana ta a birnin nan a 2010, gari ya yi fes na ɗan lokaci, kowa ya shaida. Yau leƙa magudanar unguwarku ka gani. Sannan ruwa ya zo kamar na 2022 da na 2024, Shari da Logon su cika su tumbatsa, kwata a toshe, mu kwana a kan tudu muna cewa ƙaddara. Ƙaddara ce, ba musu. Ledar kuma hannun wa ya jefa ta?

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na bakin masallaci. Mutum ya buɗe famfo gaba ɗaya, ruwa na zuba shaa, shi kuwa yana nannaɗe hannun riga, yana amsa gaisuwa, yana cire agogo. Wai alwala zai yi, ya je ya tsaya gaban Wanda Ya hana ɓarna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, abin da bai wuce cikin tafi biyu na mutum ba, ko rabin butar nan tamu bai kai ba. Mu kuwa sai mun zubar da abin da zai ishi motar su Kawu kwana guda. Daga nan a shiga sahu a ji liman ya karanto ƙarshen Tabaraka, inda ake tambaya in ruwanku ya wayi gari ya ƙafe wa zai zo muku da wani, mu amsa a baki, mu fito mu bar famfon na ɗiga.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa, don ni ma shi na faɗa wa kaina cikin dare ina neman mafita. Zai ce Malam, ka bar talaka ya sarara, lita ɗayarka me za ta rage? Je ka yi wa manya wa'azi, su da suka sha gangunan. Gaskiya ne, nasu ya fi yawa, kuma hisabinsu na wuyansu. Waɗanda suka manyanta sun tuna dokar 1999 da ta ce a ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin mai a ajiye wa 'yan baya, sun kuma tuna yadda aka soke wannan asusun a ƙarshen 2005. Mun yi ta magana a majalisar shayi, har yau muna yi. To amma tsakaninka da Allah, kai ina naka asusun 'yan bayan? A cikin abin da aka damƙa maka, tanki guda, tukunyar gas guda, famfo guda, kashi nawa ka bar wa wanda ba a haifa ba? Wanda ya kasa riƙe amanar lita, da wane baki zai tuhumi wanda aka ba ganga? Halin ɗaya ne, wallahi, girman tukunya ne ya bambanta. Da ni aka ɗora a kujerar, da wannan bakin nawa na jiya, ban ga abin da zai hana ni cewa ai da ƙuri'ata na samu ba.

Ba rowa nake kira ba, kada a juya mini magana. Hau motarka, sha sanyinka, dafa abincinka ya nuna, yi wa baƙonka shayi har na uku. Allah Yana son ganin alamar ni'imarSa a kan bawanSa. Abin da nake roƙo ƙarami ne: in ba ka amfani da shi, kashe. Don Allah kashe. In tafiyar ta kusa ce, taka da ƙafa, ko lafiya ka ƙaru da ita. In hanyarku ɗaya da maƙwabci, ɗauke shi. Akwai wani dattijo mai sayar da fetur a kwalba a bakin titinmu, kullum ina ganinsa, in ya juye wa mai babur sai ya riƙe kwalbar a kife a kan mazurari, ya jira, ya jira, har ɗigon ƙarshe ya sauka, sannan ya girgiza mazurarin. Da ina yi masa kallon mai ƙwauro. Shi ne ya san abin da ke hannunsa, ni ne jahilin.

Don girman Allah, 'yan uwa, mu cire kalmar nan daga bakinmu. Da kuɗina na saya, da kuɗina na saya. Ita ce ke sa a zubar da tuwo a bola almajiri na ƙofa, ita ce ke sa a bar famfo, ita ce ta sa na kunyata a gaban Kawu. Mafi muni, yara na ji. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yaron nan gaskiya ya zo da ita, a durƙushe, da ladabi, ni kuma na koya masa cewa in kana da kuɗi ba ruwanka da gaskiya. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Jiya dai yaro na ƙasa ya gani, babba na kan tabarma yana kurɓar shayi.

Yanzu haka da kake karanta wannan, me ke ci a gidanka ba dalili? Ajiye wayar ka je ka duba. Ni na duba da asuba, na tarar da fitilar bayan gida a kunne tun daren jiya da famfon tsakar gida na ɗiga cikin bokitin da ya riga ya cika. Astagfirullah. Allah Ka yafe mana abin da muka ɓarnatar da saninmu da wanda ba mu sani ba, kada Ka kama mu da ƙishirwa, kada Ka karɓe abin da Ka ba mu saboda wautarmu.

Da za mu taho na roƙi Kawu ya ba ni ƙashin kifin in ajiye a mota. Ya hana. Ya ce na abokinsa ne, shi zai gada, ni in je in nemi nawa a Jurab. Yaron ya tafi makaranta tun da sassafe ban samu na yi masa magana ba. Sha biyu da rabi ake tashinsu, zan je in ɗauko shi da kaina, in ba shi haƙuri tun a hanya kafin mu iso gida.